Fasfon Jariri Ba Ya Rufe Uwa

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin jama'a, wai duk matar da ta haihu a Amurka ta tsallake siraɗi, ita da mijinta sun sami wurin zama ke nan. Rabin maganar gaskiya ne. Gyara na 14 da aka yi wa tsarin mulkin ƙasar a 1868 shi ya ba wanda aka haifa a can haƙƙin zama ɗan ƙasa, Kotun Ƙoli kuma ta ƙarfafa haka a 1898, a shari'ar Wong Kim Ark, wanda iyayensa mutanen Sin ne. Amma fa haƙƙin na jaririn ne shi kaɗai. Ga iyaye kuwa, hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Wata baiwar Allah, mutuniyar Zariya, ta ga haka da idonta. Ta bi mijinta birnin Niyok da bizar ziyara, wa'adinsu ya cika ba su koma ba. A unguwar Bronx ta haifi 'yarta ta fari. Ran da fasfon yarinyar ya iso sai ta ce wa maigidan, “Malam, to, yanzu sai namu.” Lauyan da suka je wurinsa bai ɓoye musu kome ba. Dokar shige da fice ta Amurka ba ta yarda ɗa ya nema wa iyayensa katin zaman dindindin, wanda suke kira koren kati, sai ya cika shekara 21. Watau jaririyar da ke goye ita ce mabuɗin, amma ƙofar ba ta buɗuwa sai ta girma.

Haka ta zauna tana kitso, mijin yana ɗinki, kullum cikin ɗar-ɗar. Yarinyar na shekara tara aka bugo waya cewa mahaifiyar matar ta rasu. Ga kuɗin jirgi a hannu, amma tafiya ta gagara. Dalili kuwa, wata doka ta 1996 ta ce wanda ya wuce kwana 180 ba bisa izni ba, in ya fita ba zai dawo ba sai bayan shekara 3. In zaman ya kai shekara ɗaya, sai bayan shekara 10. Ko dai ta je ta'aziyya ta rabu da 'yarta, ko ta ɗauke yarinyar daga makaranta da ƙasar haihuwarta, ko kuwa ta haƙura. Ta haƙura, ta karɓi gaisuwa a ɗan ɗakinta na haya.

A 2014 Shugaba Obama ya fito da shirin da zai ɗage korar iyayen 'yan ƙasa, ya kuma ba su iznin aiki. Murna ba ta je ko'ina ba. Wata kotu a jihar Texas ta dakatar da shirin a 2015, a 2016 kuma alƙalan Kotun Ƙoli suka rabu huɗu da huɗu, shirin ya mutu tun bai fara aiki ba.

Da yarinyar ta cika 21 sai ta ce, “Umma, yau zan cike muku takardar ke da Abba.” Abin mamaki, uwar da saboda alkunya ba ta taɓa kama sunan 'yar fari ba, ga shi duk takardunta a kan wannan suna suka rataya. Duk da haka da sauran aiki. Mai nema wa iyaye sai ya sa hannu cewa ya ɗauki nauyinsu, samunsa kuma ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnati. Ita kuwa ɗaliba ce, sai da wani ɗan gari mai takarda ya tsaya musu.

Abin da ya cece su shi ne da biza suka shiga, an buga musu hatimi a filin jirgi. Irin waɗannan iyaye doka ta yarda su gyara zamansu ba tare da sun fita ba. Maƙwabciyarta da ta tsallako ta iyakar Meksiko a ɓoye ba ta sami wannan sa'a ba. Ɗanta ma ya cika 21, amma sai ta koma ƙasarsu neman biza, da ta fita kuwa shekara 10 sun hau kanta. Afuwar da ake yi a kan wannan hukunci ana duba wahalar miji ko mata ko iyaye ne, ba ta ɗa ba.

Ita kanta ƙofar haihuwar an sha taɓa ta. Ingila ta rufe tata tun 1983. A Janairun 2020 Amurka ta hana bizar ziyara ga wadda babban nufinta haihuwa ne don fasfo. Ran 20 ga Janairu, 2025, Shugaba Trump ya ba da umarnin hana haƙƙin ga 'ya'yan marasa takarda da na masu zaman wucin gadi, kotunan tarayya suka tare shi, maganar ta kai Kotun Ƙoli.

Saboda haka mai shirin sayar da gona ko gida don wannan tafiya, ya ƙirga shekara 21 tukuna, ya ƙirga har da jana'iza da biki da suna da za a yi ba shi. In ya ga zai iya, to, ya shiga ta ƙofa, kada ya haura katanga. Allah ya ba mai haƙuri sa'a.