Zauren Wani Tsohon Baduku a Kalfu

Kalfu na gabas da birnin Tawa, cikin ƙasar Adar, inda tudu da kwari ke yi wa matafiyi karɓa-karɓa. Za ka hau fako mai duwatsu, wanda ko akuya sai ta yi da gaske kafin ta sami abin tsinka, kana gangarawa kuma sai ga rijiyoyi da lambunan albasa. Na isa garin bayan an gama yankan hatsi, an cika rumbunan laka, sanyin hunturu ya fara shigowa da dare. A wannan lokaci ne Adar ke sallamar mazajenta. Tafiya biɗa tsohuwar al'ada ce a nan: da an kai damman hatsi gida, samari da magidanta sai su ɗaure kaya, wasu su nufi Abijan, wasu Kwatano ko Lome, wasu Kamaru, wasu su keta hamada zuwa Libiya da Aljeriya. Gari ya rage daga tsofaffi sai mata da yara. Abin da aka samo a can yakan dawo gida a matsayin siminti da kwanon rufi, kuma simintin nan ne zai raba tsohon da na je gani da zaurensa.

Baduku ne, ɗan baduku, jikan baduku. Duk unguwa Baba ake ce masa. Ba ya ƙirga shekarunsa da takarda, da abubuwan da suka faru yake ƙirga su. Ya ce lokacin farin 1973 ya riga ya iya ɗinka kube shi kaɗai. Lokacin da aka yi gasar kokowar takobi ta farko a Tawa a 1975, wadda Yakuba Kantu na Maraɗi ya lashe, shi saurayi ne mai ɗaukar wa mahaifinsa taikin layu da guraye zuwa bakin fili. In ka haɗa lissafin, ya kai saba'in ko ya ɗan haura.

"Sannu da tahiya, ɗana. Zamna nan, kar ka tare mini haske," shi ne abin da ya fara ce mini, da Adaranci tsantsa. Na koma gefe. Zauren na laka ne mai ƙofa biyu, ɗaya ta titi, ɗaya ta cikin gida. Yana zaune a kan buzu daura da ƙofar titi, daidai inda hasken hantsi ke sauka a cinyarsa. A gabansa akwai wuƙaƙe biyu da wasawa ta cinye rabinsu, da basilla, da almakashi, da ƙananan ƙarafa na buga zane, da wani faffaɗan dutse mai sulɓi wanda yake fere fata a kansa. Fatu na rataye a bango, ja da baƙi da ɗorawa. Warin jima ya kama ginin har ya zama nasa.

Yininsa a tsare yake, kuma idonsa ne ya tsara shi. In ya dawo sallar asuba sai ya share zaure da kansa, ya yayyafa ruwa, ya sha kunu. Daga fitowar rana zuwa hantsi yake yin duk aikin da ke buƙatar gani: awo, yanka, da fitar da zane. Yana da hazo-hazo a ido yanzu, saboda haka ba ya yarda ya sa wa fata wuƙa bayan rana ta take. Azahar ta yi, a dama fura, ya ɗan kishingiɗa. Daga la'asar sai ɗinki da tufka, waɗanda yatsunsa suka haddace tuntuni. Yana ɗinki yana hira, yana tauna goro, rediyo na gefe a tashar Muryar Sahel. Magariba ta gabato ya tattara ƙarafansa cikin zabira, ya kife tukwanen rini.

Na fi daɗewa ina kallon aikin safiya. Ya ɗauko fatar akuya da aka rina ja, ya shimfiɗa a kan dutsen, ya shafa ta da tafin hannu har ya gano inda ta fi kauri. Da bakin wuƙa ya tsaga layuka marasa zurfi, waɗanda ba su ratsa fatar ba. Daga nan ya riƙa ɗaga saman fatar tsakanin layukan yana ɓarewa, farin ciki na bayyana, jan na zama a inda ya bar shi. Babu fensir, babu takardar kwaikwayo. Zanen na cikin kansa. In hannu ya zarce ko da kaɗan, fatar ta huje, aikin ya tashi daga na sayarwa ya koma na ƙyalle. Ban ga hannunsa ya yi rawa ba, alhali da ya miƙa mini kofin shayi sai da ya ɗan zuba.

Jan nan daga karan dafi yake fitowa, a daka shi a jiƙa da ruwan toka ko kanwa. Baƙin kuwa kuloko ne, wanda ake haɗawa da kashin ƙarfe na maƙera. Fatar kanta majema ne suka cire mata gashi da ruwan toka, suka jeme ta da 'ya'yan bagaruwa. Ta jar akuya ta fi kowace, irin ta Maraɗi da Sakkwato, wadda fatake suka riƙa ketarawa da ita hamada har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Baba na sayen rinin kanti ma, ba ya ɓoyewa. Ya ce yana da sauri da haske, amma rana na cinye shi, karan dafi kuwa sai dai ya ƙara duhu da tsufa. Na gwada tsohuwar gafaka da ke rataye da sabuwar jaka ta rinin kanti, na ga gaskiyarsa da idona.

Kasuwar dukanci ta ragu, ba sai an faɗa ba. Dawaki sun yi ƙaranci, don haka kayan doki sai lokacin salla. Gugan roba ya kori wasaki, jarka ta kori salka, takalmin roba ya cika kasuwa. Abin da ya riƙe zauren shi ne kuben wuƙa na manoma da mahauta, gafakar almajirai, titimin ɗakin amarya, sai kuma layu da guraye, waɗanda cinikinsu ke tashi a wannan lokaci: 'yan kokowa na shirin fili, matafiya na shirin hanya.

Batun ƙaura ya taso ne daga daminar 2024, wadda ta rusa gidajen laka a sassan Nijar da yawa, har tsohon masallacin Damagaram bai tsira ba. A gidan Baba ɗakin uwargida ne ya zube, Allah ya sa ba kowa a ciki, katangar zaure kuma ta tsage daga sama har ƙasa. An liƙe tsagar da laka, amma tana nan ana gani. Babban ɗansa, wanda ya daɗe yana kasuwanci a Abijan, ya riga ya gina gida a wata sabuwar unguwa a gefen Tawa. Ya aiko cewa iyayensa ba za su sake damina a ƙarƙashin laka ba. Tsohon ya ja lokaci, ya kawo uzurin gona, ya kawo na kaburburan iyayensa, daga ƙarshe ya amince. An sa lokaci kafin zafi ya shigo.

Shirin kayan ɗaki bai dame shi ba. Mata sun ɗaure tukwane da tabarmi cikin ɗan lokaci. Zauren ne aiki. Kullum bayan la'asar yakan jawo taiki ɗaya daga kusurwa ya zazzage. Ƙyallayen fata ne na shekara da shekaru, waɗansu ba su fi tafin hannun jariri ba. Jikansa ya ce a zubar. Tsohon ya ƙi, ya zauna yana ware su kashi uku: wanda zai yi laya, wanda za a yanka tsinke-tsinke a yi ɗinki da shi, da wanda za a bai wa yara su koyi riƙon wuƙa. A cikin tarkacen ya ci karo da ma'aunan mahaifinsa, waɗanda aka yanka daga busasshen ƙirgi: na kube, na tafin takalmi, na murfin gafaka. Waɗannan bai sa su cikin taiki ba, aljihun rigarsa ya sa su.

Sai maganar amana, wadda ita ta fi tsaya mini a rai. Wanda malami ya rubuta wa laya yakan kawo takardar a naɗe, an ɗaure da zare, baduku ya ɗinke ta cikin fata ba tare da ya buɗe ba. Wasu sukan kawo ana gobe tafiya, mota ta tashi kafin a gama, su ce sai sun dawo. Akwai waɗanda ba su dawo ba. Baba na da wata tsohuwar batta cike da irin waɗannan layu, kowace ya san mai ita, da sunan ubansa, da shekarar da ya kawo. Ya ce ba zai kai kayan mutane birni ba. Saboda haka yanzu, da an yi sallar la'asar a ranakun da ƙafa ta yarda, yakan dogara sanda ya bi gida-gida, wani lokaci ya hau amalanke zuwa ƙauyen da ke kusa, ya miƙa wa uwa ko mata ko ɗa. Na raka shi gida ɗaya. Tsohuwar da ta karɓa ta juya layar a hannunta, ta yi masa godiya da addu'a, ta shige ɗaki. Ɗanta ya tafi Libiya, an daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. A hanyar dawowa ba wanda ya ce uffan tsakaninmu.

Haka yake yi da bashi. Waɗanda yake bi ya yafe wa mafi yawansu. Wanda ake binsa kuwa, ko dala goma ce, sai ya aika. Sabon aiki ma bai daina karɓa ba, sai dai yakan gaya wa mai shi gaskiya: in bai ƙare a nan ba, a same shi a Tawa ranar Lahadi.

Jikan nan nasa matashi ne mai gyaran wayar salula a bakin kasuwa. Ya iya ɗinki, bai iya firar fata ba, kuma zuciyarsa na kan hanyar Abijan kamar ta sa'o'insa. Amma shi ne ke ɗaukar hoton jakunkuna ya tura wa 'yan garin da ke can ta WhatsApp, kuma ta haka ake samun cinikin da ya fi na kasuwa tsoka. Kakan na yi masa faɗan gaggawa, shi kuma yana ce wa kakan ya rage arha. "Tsoho, wannan ta fi jika biyar," in ji shi, yana ɗaga wata jaka. Tsohon ya ce wanda zai saya maƙwabci ne. Da na ga yadda suke, na fahimci sana'ar ba ta mutu a gidan ba tukuna, amma igiyar da ke riƙe da ita siririya ce.

Ranar Lahadi na bi su Tawa, ranar babbar kasuwa. Ba zan rage wa birnin komai ba. Fulani da Buzaye na shigowa daga wajen Abalak da Cintabaradan, kuma su mutane ne da suka san darajar fata. A wajen Buzaye ma matan maƙera ne ke aikinta, da tsanwa da tuntaye, salon da ya bambanta da na dukawan Hausa. Akwai majema kusa, akwai cibiyar masu sana'ar hannu, akwai ɗaliban jami'ar da ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar. Akwai likitan ido, wanda tsohon ke matuƙar buƙata. Duk wanda ya ce ɗan bai kyauta ba, bai ga tsagar katangar nan ba.

Gidan ma mai kyau ne: bulo da siminti, famfo a tsakar gida, lantarki a kowane ɗaki. Sai dai doguwar katanga ce da ƙofar ƙarfe, ka shiga kai tsaye cikin fili. Babu zaure. An ware wa Baba ɗaki a can ƙurya, mai taga ɗaya da ke kallon bango, an ce a nan zai riƙa ɗan taɓa aikinsa. Ya shiga, ya tsaya, ya duba inda rana take, ya fito ya yi wa ɗansa addu'a a gaban kowa. Bai yi ƙorafi ba.

Ni ne zan yi a madadinsa. A Kalfu ba alama ko allo ke kawo masa aiki ba, ƙofar titi ce. Manomi na wucewa ya tuna kubensa ya yage, ya tsaya. Mahauci ya leƙo ya ce akwai fata. Yaro ya raɓe a bakin ƙofa yana kallo har wata rana a miƙa masa ƙyalle. Baba kansa ta haka ya koya. Tsofaffin unguwa su taru bayan la'asar, hira na tafiya, basilla na tafiya. In an sa shi bayan ƙofar ƙarfe, zai sami inuwa da fanka, amma ba mai ganinsa, kuma hasken ƙwan lantarki ba zai ba shi abin da hantsi ke ba shi ba. Tsohon da ya saba yini da aiki, in aka zaunar da shi haka nan, jikinsa ba ya daɗewa.

Gyaran ba mai tsada ba ne. Gidan na kallon gabas, kuma akwai fili a jikin katanga ta waje da zai ɗauki ƙaramin shago ko rumfa mai ƙofa a titi. Na faɗa wa jikan, ya ce zai gaya wa babansa a waya. Ku kuma 'yan Adar da ke Abijan da Kwatano da sauran wurare, masu aiko da kuɗin gini don ku dawo da iyayenku birni, Allah ya saka muku. Amma in mahaifinku mai sana'ar hannu ne, baduku ko maɗinki ko masassaƙi, ku tambaye shi inda yake son zama kafin magini ya ja igiya, ku fitar masa da zaure mai ƙofa a titi tun a harsashi.