Tarwaɗar Inna da sanyin hunturu

Bara cikin Disamba na je gida Ngurore, na tarar da mahaifiyata a bakin tankin kifinta na bayan ɗaki, hannunta cike da kafso ja-da-rawaya.

"Inna, wa ba shi da lafiya?"

"Tarwaɗa mana! Kwana uku ba sa cin abinci."

Na tsoma hannu, ruwan kamar na sabuwar randa. Ashe sanyi ne kawai. Jikin kifi ɗumin ruwa yake bi. In ruwan ya yi sanyi, sai cinsa ya ragu. Abincin da ya bari kuwa shi ke ruɓewa ya ɓata ruwan.

Muka ƙara ruwa don zurfi, muka tanadi ledar rufewa da dare tare da barin kafar iska. Ciyarwa kuma kaɗan, sai rana ta ɗaga.

Kafson ne ya tayar min da hankali. Maganin da aka zuba a tanki kan biyo kifi har tukunya. Ƙwayoyin cuta su saba da shi, ranar da jikanta zai buƙace shi ya ƙi aiki.

Bana tun kafin hazo ya sauka ta kira ni: "Mai magani, ina ledata?"