Ulun Merino da Rigar da Ba a Gani

Wanda ya tashi a Kano ko Damagaram ya san sanyi iri guda, wato na hunturu: busasshe, mai tsaga leɓe, mai sa faso a dunduniya. Maganinsa sananne ne. A ƙara riga a kan riga, a ɗora suwaita, a rufe kunne, a jira hantsi. Wannan dabara tana aiki a gida saboda iskar ba ta da laima, sanyin kuma ba ya kaiwa inda ruwa ke daskarewa. Matsala tana farawa ne ranar da mai wannan ilimi ya sauka Winifeg ko Mosko da takardar karatu ko ta aiki, ya shiga kanti ya zube kuɗinsa kaf a kan ƙatuwar kwat, ya bar singiletin audugar da ya sayo a Kantin Kwari a ƙarƙashinta.

Ga abin da ke biyo baya. Ya fito da sauri don kada motar haya ta wuce shi, ko ya tsaya share dusar ƙanƙara a ƙofar gida, ko ya shiga jirgin ƙasa mai ɗumi sanye da kwat ɗin nan. Jiki ya yi gumi, domin ko a sanyin da ya haura digiri 20 ƙasa da sifiri mai motsi yana gumi. Auduga ta shanye gumin, ta riƙe shi, ta lafe a gadon baya. Ruwa kuwa yana janye zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Da zarar ya tsaya cik yana jiran mota, sanyin da ke cinsa daga cikin rigarsa yake fitowa, kwat ɗin da ta cinye masa albashi kuma ba ta da yadda za ta yi. Zafin jikin mutum digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35, likitoci sun ɗauke shi mai bukatar agaji: karkarwa ta tsananta, harshe ya yi nauyi, tunani ya fara rikicewa. Ma'aikacin ofis galibi wahala kawai zai sha. Mai kai saƙo a kan keke, da mai gadi, da mai hawan dutse, su rayuwarsu ce a ciki, shi ya sa masu hawan duwatsu a Amurka suke kiran auduga makashiya.

Mutanen ƙasashen sanyi sun raba tufafi hawa uku: na ciki mai kwashe gumi, na tsakiya mai tare ɗumi, na waje mai kare iska da ruwa. Baƙo yakan lura da na waje domin shi ido ke gani. Na cikin ne ke yanke hukunci, kuma a nan ulun tunkiyar merino ya yi suna.

Silin ulu ɗan'uwan gashin kan mutum ne, amma ƙirarsa ta bambanta. Bayansa yana da ɓawo-ɓawo mai ɗan maiƙo da ke korar ɗigon ruwa, cikinsa kuma yana zuƙar tururin gumi tun kafin ya zama ruwa a fata. Yana iya ɗaukar laimar da ta kai kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da hannu ya ji shi a jiƙe ba. Akwai kuma wani abin mamaki: yayin da yake zuƙar laimar yana sakin ɗan zafi kaɗan, wanda ke rage kaifin sanyi a lokacin da mutum ya fito daga ɗaki mai ɗumi zuwa waje mai danshi. Silin a murɗe yake, ba miƙaƙƙe ba, don haka zaren da aka kaɗa da shi yana cike da ƙananan aljifan iska, iskar da ba ta motsi kuwa ita ce ainihin bargo. Sannan ba ya saurin wari. Rigar roba takan tona asirin mai ita a wuni guda. Ta ulu tana riƙe warin a cikin silinta har sai an wanke, abin da ya sa matafiyi zai yi kwanaki da guda ɗaya.

Duk wannan kowane ulu yana da shi. Abin da ya ware merino shi ne sirantaka. Ana auna kaurin sili da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Gashin mutum yakan kama daga 50 zuwa 100. Silin ulun da ya haura 30 ba ya lanƙwasawa in ya taɓa fata, sokarta yake yi, kuma wannan ne ƙaiƙayin da duk wanda ya taɓa sa tsohuwar suwaitar gwanjo a tsirarar fata ya sani. Merinon da ake saƙa rigar ciki da shi yakan tsaya tsakanin 17 da 19. Irin wannan yana kwanciya ne a jiki.

Bahaushe bai san wannan a garkensa ba. Balami da Uda da 'Yankasa tumaki ne masu gashi, an yi su don nama da jure rana, ba don sausaya ba, ita kanta kalmar ulu aro ce. Merino kuwa a Sifen ta girma, wasu masana ma suna danganta sunan da Banu Marin, daular Berber da ta mulki Maroko. A shekarar 1273 Sarki Alfonso na Goma na Kastil ya amince da Mesta, ƙungiyar masu tumaki wadda ta sami haƙƙin burtali daga arewacin ƙasar zuwa kudancinta, makiyaya suna hawa tudu da bazara, suna gangarowa da sanyi. Rikicinsu da manoma a kan gonaki ba zai zama baƙon labari ga mai karatu ba. Ƙarnuka Sifen tana tsaron wannan tunkiya kamar taskar zinariya, fitar da ita waje laifi ne da ke iya kai mutum ga kisa. A ƙarni na 18 ƙofar ta buɗe: garke ya tafi Sakzoni a 1765, wani ya tafi gonar Rambouillet ta Sarkin Faransa a 1786, a 1797 kuma 'yan ƙalilan suka isa Ostireliya ta hanyar Afirka ta Kudu. Yau Ostireliya ce ke samar da mafi yawan lallausan ulun duniya.

Tsofaffin mahaya duwatsu da ulu suka yi aikinsu. Da aka gano gawar George Mallory a kan dutsen Eberes a 1999, shekara 75 bayan ɓacewarsa, hawa-hawan ulu da siliki aka tarar a jikinsa. Daga baya zaren roba ya kwace kasuwa saboda arha da saurin bushewa, sai a tsakiyar shekarun 1990 merino ya dawo ta hannun kamfanoni irin su Smartwool a Amurka da Icebreaker a Niyu Zilan.

Dawowar ba ta share aibinsa ba. Yana da tsada, sau da yawa ninki biyu ko fiye na kuɗin rigar roba. Ba ya bushewa da sauri kamarta, don haka mai gudun motsa jiki na awa guda, wanda zai dawo gida ya yi wanka, roba ta fi masa. Siririn yakan huje a gwiwar hannu da inda madaurin jaka ke goga, dalilin da ya sa ake cakuɗa shi da ɗan nailon, kuma wannan cakuɗi ba ha'inci ba ne in an rubuta shi a jikin rigar. Asu yana sonsa ƙwarai. Rigar da aka ajiye da datti tun bazara za a iya ɗauko ta kamar rariya. Ruwan zafi da injin busarwa suna tsuke ta ta koma ta yaro.

Akwai kuma farashin da tunkiyar ke biya. An daɗe ana kiwata merino ta yi tattarar fata don ta ba da ulu mai yawa. Tattarar da ke kusa da wutsiya tana tara fitsari da kashi, ƙuda ya yi ƙwai a ciki, tsutsa ta ci naman dabbar tana raye. Maganin da makiyayan Ostireliya suka runguma shi ne yanke fatar wurin tun tana 'yar tunkiya, aikin da ya ɗauki sunan John Mules, wanda ya ƙirƙiro shi, kuma an daɗe ana yinsa ba tare da maganin kashe zafi ba. Masu kare shi suna cewa ciwon kwanaki ya fi mutuwar tsutsa sauƙi, hujjar kuma ba ta banza ba ce. Sai dai Niyu Zilan ta haramta shi a 2018 ba tare da kiwonta ya rushe ba, wasu makiyayan Ostireliya ma sun koma kiwon iri mai santsin fata. Kamfanonin da ke sayen ulun da ba a yi wa wannan yanka ba sukan faɗa a takardar rigar.

A wannan takardar ce kuma ake rubuta nauyin yadin, giram nawa a kowace murabba'in mita. Mai 150 na sanyi mai sauƙi ne ko na aikin ƙarfi, mai 250 na tsananin sanyi ne da doguwar tsayuwa. Wanda aljihunsa bai kai ya sayi iri-iri ba, mai 200 zai fi yi masa hidima: riga mai dogon hannu guda biyu, wando guda, da safa, dukkansu su kama jiki domin in akwai rata tsakaninsu da fata gumin ba zai kai ga ulun ba. Ba su da kauri, suna shiga ƙarƙashin kaftani ko abaya ba tare da sun ɓata ɗinkin ba, ta yadda mai zuwa Juma'a ko walima a watan Janairu zai iya fita da kayan gida, ya ɗora kwat a sama, ya cire ta a bakin ƙofa.