Filin Waje Ko Na Ɗaki?

A Ottawa ta Kanada nake, inda yara ke wasan hoki bisa ƙanƙara. Filaye biyu gare mu a unguwa. Na waje kyauta ne, maƙwabta ke kwarara masa ruwa da dare ya daskare, amma rana na leƙowa sai ya tsattsage, takalmin yaro ya maƙale. A 2023 ko mashigin ruwan Rideau bai daskare sosai ba, ba a buɗe shi ba. Na ɗaki kuwa bututun sanyi ke ƙarƙashinsa, motar Zamboni tana goge shi sumul, amma sai an biya. Ni dai can nake kai 'yata, gara kuɗin ƙofa da zuwa ɗori. Ku riƙa duba inda 'ya'yanku ke wasa. Allah ya tsare, amin.