Ruwan Zafi a Cikin Badala

Wanda ya san Kano a watan Afrilu kaɗai ba zai yarda cewa akwai lokacin da ruwan zafi ke zama dukiya a wannan gari ba. Amma daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, idan iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara, sai Dutsen Dala ya ɓace a cikin hazo, leɓɓa su tsattsage, ma'aunin zafi ya sauka zuwa digiri 13 ko ƙasa da haka kafin ketowar alfijir. Mutumin Ingila zai ji wannan adadi ya yi murmushi, domin gidansa yana da tukunyar gas mai tura ruwan zafi cikin bututu zuwa kowane ɗaki. Mu kuwa an tsara gidajenmu ne don gudun rana. Abin da muka tanada wa sanyi bai wuce bargo da kaskon wuta da ruwan zafi ba, kuma a cikin ukun nan ruwan zafi ne ba ya ɗaukar jinkiri, tunda sallar asuba ba ta jiran rana ta fito.

Magabatanmu na cikin birni sun san yadda suka zauna da hunturu. Katangar tubali mai kauri da rufin azara sukan sha zafin rana da yini, su riƙa sakinsa a hankali da dare. A tsakar gida akwai murhu na duwatsu uku da tukunya a kai, kuma gidan da wutarsa ta mutu yakan aika yaro maƙwabta ya ɗebo garwashi, har aka riƙa ce wa baƙon da bai zauna ba ya zo ɗiban wuta. Ruwan famfo ya shigo gari a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ana jawo shi daga kogin Challawa zuwa ma'ajiyar da ke kan Goron Dutse. Gari ya ninka kansa sau da yawa tun daga lokacin. A lungunmu na Yakasai yau, ruwa daga rijiyar burtsatse yake zuwa, inji ya tura shi tankin da ke kan rufi, ranar da inji bai tashi ba kuma a nemi 'yan garuwa.

Shekara biyar ke nan da na sa aka kafa hita a bangon banɗakin Hajiya, mai cin lita 30, mai ƙarfin wat 1,500. Gwiwoyinta ne suka sa. Ciwon sanyin ƙashi ya kai ta ga yin sallah a zaune, amma ko a ranar da jiki ya fi matsa mata ba ta yarda ta yi taimama alhali ga ruwa a gida. Da hitar ta zo, aka kwashe duwatsun murhu aka jingine su a bayan ɗakin girki, aka kife tsohuwar tukunyar wanka a kan rufin akurki.

A hunturun bara ƙanwata ta dawo gida haihuwar fari, kamar yadda al'ada ta tanada, ta sauka lafiya a asibiti, aka soma wankan jego na kwana arba'in, safe da yamma. Ranar suna gida ya cika da mata tun hantsi har bayan magariba. Washegari da asuba na ji Hajiya tana buga ƙofar ɗakina. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba.

"Kai, ɗan nan, abin naka ya mutu. Ruwa kamar daga randa, ga mai jego tana jira."

Na ce, "Hajiya, a ba ni zuwa hantsi."

Ta ce, "Jego ba ya jiran hantsi."

Kafin in sa takalmi ta riga ta aika a sayo itace, ta sa an sauko da tukunya daga kan akurki. Ni kuma na shiga banɗaki da tocila. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma wanda zai nemi dalilin tsamin dole ya bi hanyar ruwan daga tushe. Hita irin wannan ba ta da wani asiri. Tulu ne na ƙarfe a rufe. Ruwan sanyi yana shiga ta ƙasa, wani lanƙwasasshen ƙarfe da masu gyara ke kira elimen yana dafa shi, mai zafi ya taso sama, inda bakin bututun fita yake. Nauyin ruwan tanki ne ke tunkuɗo mai zafi waje, don haka idan sanyi bai shiga ba, zafi ba ya fita. Abu uku ke nan za a tambaya: ko ruwa yana zuwa, ko wuta tana zuwa, ko kuma abin da ke haɗa su ne ya lalace.

Na murɗa famfon zafi, ya yi tari sau biyu sannan ruwa ya zubo da ƙarfinsa. An cika tanki da daddare bayan baƙi sun watse, saboda haka ta wannan gefe ba matsala, sai dai tarin nan ya tsaya mini a rai, domin bututu ba ya tari sai iska ta shige shi. Na koma ga wuta. Idan wuta ta zo a raunane, hita takan yi aiki amma kamar ba ta yi, saboda zafin da take bayarwa yana faɗuwa fiye da faɗuwar wutar kanta: elimen da aka yi don bolt 230, idan ya sami 160, bai kai rabin zafinsa yake bayarwa ba. A ranar kuwa ƙwan lantarki yana haske tar, firiji yana gurnani yadda ya saba. Na duba makunnin bango da fiyus, lafiyarsu ƙalau. Amma 'yar jar fitilar da ke jikin hitar a mace take.

Na kashe wutar gidan daga babban makunni, na kwance murfin roba da ke ƙasan hitar. A jikin na'urar da ke daidaita zafi akwai wani ɗan maɓalli na tsaro, wanda ke yanke wuta da kansa idan zafi ya wuce kima. Na danna shi da tsinke, na ji ya yi ƙas. Na mayar da murfi, na dawo da wuta, fitila ta kama. Lissafin abin a bayyane yake: ɗaga lita 30 daga digiri 15 zuwa 60 yana cin wajen yunit ɗaya da rabi na wuta, wato awa ɗaya da 'yan mintuna ga elimen mai wat 1,500. Na jira awa ɗaya da rabi. Ruwa yana nan yadda yake. Na je gaban mita na tsaya, na ga ɗigon haskenta yana ƙiftawa a hankali, kunna hita da kashe ta bai canja masa tafiya ba. Fitila dai tana cewa wuta ta iso bakin ƙofa, mita tana cewa ba wanda ya karɓe ta.

A nan iyakata ta ƙare, na kira mai gyaran wuta na unguwarmu, dattijo ne da muke sahu ɗaya a masallaci. Ya ɗora abin awonsa a kan ƙafafun elimen biyu. Ya ce lafiyayye zai nuna wajen om 35, wannan kuwa bai nuna komai ba, zaren da ke cikinsa ya tsinke. Da muka zubar da ruwan muka zaro shi, sai ga shi lulluɓe da farin ɓawo irin wanda ruwan rijiya ke bari a gindin buta, gefe guda kuma ya kumbura ya fashe.

Ya juya shi a hannu ya ce, "Malam, ɓawon nan yana rage masa kwana, amma ba shi ya kashe shi ba. Wannan ƙuna ce ta bushewa. An kunna shi ba ruwa. Ka sa sabo yau ba ka gano inda ruwan ya bi ba, ka sake sayen wani."

Mai gyaran famfo ne ya warware sauran. A bakin bututun shiga akwai wani ɗan bawul na tagulla, aikinsa ya bar ruwa ya shiga ya hana shi komawa. Ɓawo ya cije shi a buɗe. Ranar suna tanki ya ƙare da la'asar, masu neman ruwa suka riƙa murɗa kowane famfo, na zafi da na sanyi. Iska ta shiga ta bututun zafi, ruwan hita ya koma da baya ya fita ta famfon tsakar gida, aka wanke kwanuka da shi ana murna da saura. Elimen ya rage a busasshen tulu da wuta a jikinsa, ya ƙone kafin maɓallin tsaro ya yanke. Na tuna tarin famfon nan na asuba.

Kwana uku aka ɗauka kafin a sami elimen daidai bakin hitar, bayan zirga-zirga tsakanin Kasuwar Ƙofar Ruwa da Sabon Gari. A kwanakin nan Hajiya ta koma mulkinta. Murhu ya dawo mazauninsa, maƙwabciyarmu ta aiko da ganyen darbejiya da ƙarin tukunya, tsofaffin lungu suka riƙa shigowa jin ɗumi suna ba da labarin nasu jegon. Na ga fuskar mahaifiyata ta sake yadda na daɗe ban gani ba. Na kuma ga abin da labarin da ba ya faɗa: 'yan mata biyu suna tashi ƙarfe huɗu su hura wuta a cikin iska, hayaƙi yana sa Hajiya tari har rana ta ɗaga, kuɗin itacen kwana uku kuma ya kusa na elimen ɗin kansa.

A dare na biyu muka yi saɓani. Na tarar an shigar da kaskon gawayi ɗakin mai jego, an rufe taga, an saki labule. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mai barci ba ya jin shigarta, jariri kuma ya fi kowa rauni a gabanta. Na kuma san cewa tun shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka rubuta a kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa da kunun kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Na tsuguna a gabanta na faɗi wannan da muryar da ta dace da ɗa.

Ta ce, "Da shi na yi jegonku ku shida."

Na ce, "Haka ne, Hajiya. Amma ɗakin da kika yi namu na azara ne, iska tana ratsa shi. Wannan siminti ne da gilashi."

Ta yi shiru mai tsawo. Ƙanwata tana rungume da jaririyarta, ba ta ɗaga kai ba, domin ba huruminta ba ne ta shiga tsakanin uwa da yaya. Can Hajiya ta ce a fitar da kaskon bakin ƙofa, a buɗe taga rabi, a ƙaro bargo. Kanwar kunu ma ta rage da hannunta, ba tare da ta ce maganata ce ta sa ba, ni kuma ban nemi ta ce ba.

Da aka ɗaura sabon elimen da sabon bawul, mai gyara ya hana a taɓa makunni sai da aka buɗe famfon zafi ruwa ya zubo ba tari. Sannan ya karɓi alli ya rubuta a bango kusa da makunnin: idan tanki ya ƙare, a kashe hita. Ya ce a riƙa kwance ta ana kankare ɓawo duk shekara kafin sanyi ya shigo. Hajiya ta sa ya maimaita rubutun da ajami a ƙasan na boko, don ta karanta da kanta.

Sauran kwanakin arba'in an raba su ne tsakanin wuta biyu. Hita ta ɗauki alwalar Hajiya da wankan jaririya, tukunya ta ɗauki wankan yamma na mai jego, wanda Hajiya ta ce ruwan da bai ji ganye da hayaƙi ba bai cika ruwan jego ba. Ranar da ƙanwata za ta koma ɗakinta, mijinta ya tambaye ni irin hitar da zai saya. Na ba shi sunan elimen da na bawul, na ce ya sayi bibbiyu ya ajiye. Hajiya kuwa ta sa aka ɗora tsohuwar tukunyar a kan kayan gara, ta ce wa 'yarta ta nemi duwatsu uku a can.