Rauta Mai Suna Biyu

Akwatin intanet na gida, wanda muke kira rauta, yakan zo da suna biyu. Idan ka buɗe Wi-Fi a wayarka za ka ga na farko, a ƙarƙashinsa kuma wani iri ɗaya sak, sai dai an maƙala masa "5G" a wutsiya. Sana'ata rubuta manhaja ce, a Kano nake zaune, amma tun da na kai rauta gidanmu na Toranke, a ƙaramar hukumar Ajingi, ba tambayar da aka fi yi mini kamar ta wannan wutsiyar. Samari sun ɗauka 5G ya iso gari. Wasu dattawa kuma suka tuno jita-jitar 2020 da ta haɗa shi da korona.

Sunan ne kawai ya zo ɗaya. 5G na kamfanonin waya na nufin tsarin sadarwa na biyar, wanda hukumar NCC ta yi gwanjon lasisinsa a Disamban 2021, MTN ta fara aiki da shi a 2022. Na jikin rauta kuwa gigahaz 5 ake nufi, wato igiyar da ke kaɗawa sau biliyan 5 a daƙiƙa, kuma tun 1999 yake cikin ƙa'idar Wi-Fi. Ɗaya sunan, marar wutsiya, na gigahaz 2.4 ne.

Baba ya riga kowa ganewa, don shi tsohon mai sauraron rediyo ne. Na ce, "Baba, kamar gajeren zango ne da FM a akwati guda. FM ya fi fita tangaram, amma gajeren zango ya fi cin nisa." Ya ce, "To ai ka gama bayani."

Tsawon igiyar 2.4 wajen santimita 12 da rabi ne, ta 5 kuma wajen 6. Ta farkon ta fi jure ratsa bango, amma hanyarta matsattsiya ce: layuka uku kacal ne ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, ga Bluetooth ma a nan yake bi. Ta biyun tana da fili da gudu, sai dai da ta ci karo da katangar ƙasa mai kauri, irin tamu, sai ta sare. Rufin kwano kuwa mayar da su duka yake yi.

A nan maganar ta zama ta gida. Rautar a shigifa take, kusa da batirin sola. Ɗakin Inna shi ne can ƙurya, bango uku tsakani, wayarta kuma ƙaramar Android ce da ba ta ganin komai sai 2.4. Da daddare take magana ta WhatsApp da ƙanwata da ke aure a Legas, daidai lokacin da samari ke taruwa a zaure suna kallon ƙwallo da finafinai. Dukansu a kan 2.4 suke, don shi waya ta fara kamawa. Ita kuwa rauta kamar mai awo ce a kasuwa, ɗaya bayan ɗaya take sallama. Wanda ke nesa, muryarsa ba ta fita sosai, sai an yi ta maimaitawa. Inna ba ta taɓa ƙorafi ba. Cewa kawai take yi wayar ce ta tsufa, kamar mai ita.

Wasu rautoci na iya haɗe zangunan biyu a suna ɗaya, su zaɓa wa kowace waya inda za ta zauna. A gidan bene a Kano wannan dabara ce mai kyau. A gida irin namu ban yarda da ita ba, don na'ura ƙarfin sigina take aunawa, ba ta san wace ce uwa ba. Sai na raba su, kowane da kalmar sirrinsa. Na gigahaz 5 na sa masa "Zaure", na 2.4 kuma "Cikin Gida". Duk wayar da ke iya kama 5 ta koma Zaure. Na kuma ɗaga rautar sama, na juya ta wajen ƙofar tsakar gida.

Shi sunan, wanda masana ke kira SSID, laƙabi ne kawai. Sunan yanka wata lamba ce da ba ka gani. Gurbi 32 aka ba laƙabin, kuma kowane ƙ ko ɗ ko ɓ gurbi biyu yake ci, abin da kan ɗan sosa mini rai. Kowa na iya raɗa wa rautarsa sunan taka, kuma duk mai wucewa a lungu yana ganinsa, shi ya sa ban sa sunan maigida ba. Sannan suna biyu ba data biyu ba ne. Layin waya ɗaya ne a cikin akwatin. In ta ƙare a zaure, ta ƙare a ɗaki.

Kalmar sirrin Cikin Gida na rubuta wa Inna a takarda, ta ajiye a ƙarƙashin kwalla. Bayan mako biyu na duba jerin wayoyin da ke kai, na ga shida. Na kira ta.

"Inna, wa kika ba?"

"Jikokina ne. Sun ce na zauren ba ya kaiwa ɗakina, kuma a ɗakina suke son zama."