Yauri: Hanyar Biza Daga Ofishin Magajin Gari Take Somawa

Yauri biyu ce a bakin Hausawa. Akwai ta bakin kogin Kwara a jihar Kebbi, akwai kuma ta ƙasar Kance, kusa da Matamaye, cikin jihar Damagaram, wadda ita ake nufi a nan. Ƙasa ce ta manoma: gero da dawa da gyaɗa da wake a jigawa, rake da kayan lambu a fadamun yankin. Jama'a ta yi yawa, rabon gado ya tsuke gonaki, har filin da ya ciyar da gida guda a zamanin kakanni ya koma hannun magada da dama. Saboda haka da an kai damman hatsi rumbu, sai masu jini a jika su soma zancen tafiya. Hanya uku ce a gabansu.

Ta farko ta kudu ce: Ɗan Barto, Kwangwalam, Mai'aduwa, Daura, har Kano. Wannan ba ta san biza ba. Kafin a shata iyaka ake bin ta, kuma yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar kwana 90 ba tare da biza ba. An rufe iyakar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka buɗe ta a watan Maris 2024. Ko da Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, CEDEAO ta ce a ci gaba da barin mutane su wuce har a sake shawara.

Ta biyu ta arewa ce: Tanut, Agadas, Arlit, Tamanraset. Masu binta ba sa tsayawa neman biza, sai dai Sahara tana karɓar nata kuɗin. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawar mutum 92 tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Mafi yawansu mata ne da yara, kuma da dama daga ƙasar Kance suka fito. Tun Disamba 2014 Aljeriya take maido ƴan Nijar ta Asamaka, ayari bayan ayari.

Ta uku ta yamma ce, hanyar takarda, wadda malaman makaranta da ƙananan ma'aikata da ƴaƴan ƴan kasuwa suka fi sa wa ido. Mai binta zai fita Takeita ya hau babbar hanya, ya wuce Tasawa, Maraɗi, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, tafiyar kusan kilomita 900 kafin Yamai. Amma a gaskiya ba a tasha take somawa ba. A ofishin magajin gari take somawa, gaban littafin haihuwa.

Takardun nan kamar sarƙa suke. Sai da takardar haihuwa alƙali zai ba da takardar zama ɗan ƙasa, sai da wannan kuma ƴan sanda za su yi fasfo. Wanda iyayensa ba su rubuta shi cikin lokaci ba, dole ya je gidan shari'a da shaidu, a yi masa hukuncin da zai maye gurbin takardar. A nan ne ake rubuta wa mutum "né vers", watau an haife shi wajen shekara kaza, daga baya a ɗora masa ranar 1 ga Janairu. Suna ma haka. Mutum ɗaya sai ya zama Mahamadou a takardar haihuwa, Maman a ta makaranta, Muhammadu a wadda aka yi masa sa'ad da yake karatu a Kano. A Yauri kowa ya san shi ɗin ne. A gaban jami'in biza mutum uku ne, har sai alƙali ya haɗe su.

Ƙofar da ta fi jan hankali a shekarun baya ita ce ƙuri'ar bizar zama Amurka. Dokar 1990 ce ta kafa ta, da biza 55,000 a shekara ga ƙasashen da mutanensu ba su yi yawa a can ba. Tun rajistar 2013 aka cire Najeriya, aka bar Nijar, har ya zama ɗan Yauri yana da damar da ɗan uwansa haifaffen Daura ba shi da ita. Akan cika takarda ta intanet wajen Oktoba da Nuwamba, sakamako ya fito a watan Mayu. Sharaɗi shi ne kammala karatun sakandare, kamar mai bakaloreya, ko shekara biyu a sana'ar da ke buƙatar horo mai zurfi.

Fitowar suna ba biza ba ce, domin akan zaɓi mutane fiye da yawan bizar. Wanda aka zaɓa zai cika wata doguwar takarda mai suna DS-260, ya nemo takardar rashin laifi da ta aure, ya je wurin likitan da ofishin jakadanci ya amince da shi, sannan ya jira lambarsa ta zo. Ranar ganawa akan biya dala 330 ga kowane mutum, dalar Amurka, ba dalar kasuwar Matamaye ba: wajen jika 200 ke nan na sefa, ko an ba da biza ko an hana. Mai iyali sai ya sayar da sa ko ya jinginar da gona.

Ganawar kanta mintoci kaɗan ce, a tsaye, ta bayan gilashi, bayan rantsuwa da ɗaukar zanen yatsu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya manta da sunan ɗansa guda tun ranar rajista ya faɗi. Mai mata biyu zai tarar dokar Amurka aure ɗaya ta sani, na farko, ya koma masauki da tambayar da babu takardar da za ta amsa masa ita. Ga kuma wa'adi: bizar da ba a bayar ba zuwa 30 ga Satumba na shekararta ta mutu, ko da laifin jinkirin ba na mai nema ba ne. Wanda kuwa ɗan uwansa mai takardar zama ɗan Amurka ya nema masa, jiransa yakan haura shekara goma.

Daga baya ƙofofin suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai a watan Agusta 2023, ta rufe ofishin jakadancinta a Janairun 2024. Ofishin Amurka ya dakatar da tasa a Yulin 2025, kuma a Disamba na wannan shekarar gwamnatin Amurka ta sa Nijar cikin ƙasashen da ta hana wa mutanensu shiga. Ana cikin haka, a Nuwamba 2023, hukumomin Yamai suka soke dokar 2015 da ta haramta jigilar baƙin haure. Hanyar takarda ta ƙuntata, ta rairayi ta ƙara faɗi, kuma uwar da rumbunta ya ƙare tun kafin bazara ta san wadda ta fi mata kusa.

Buɗe ofishin jakadanci ba ya hannun mutanen Yauri. Littafin haihuwa kuwa yana hannunsu, kuma rubuta jariri cikin wa'adin doka kyauta ne. Ma'aikacin da ke riƙe da alƙalamin ya tambayi uba sau biyu yadda ake rubuta sunan. Ɗan kasuwar da ya yanka ragon suna ya taka zuwa ofishin kafin naman ya ƙare. Ko yaron bai taɓa ganin Amurka ba, da wannan takarda zai zauna jarrabawa, da ita zai yi katin ɗan ƙasa, da ita zai yi fasfon zuwa Makka. In kuma wata ƙofa ta sake buɗewa, ta tarar da shi da suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya.